ZARE: Gidajen marubutan Kano da muke wucewa ba mu sani ba 🧵

1/ Zaren yau na 'yan Kura, Bunkure, Kadawa da Garun Malam ne, mu da muke shiga Kano da kwandon tumatir ko buhun shinkafa mu juyo kafin magariba. A birnin nan akwai gidajen da aka zauna aka rubuta tarihinmu. Kullum muna wuce su. Ku biyo ni.

2/ Zan jero su daga mafi tsufa, shekara 500 da 'yan kai, zuwa na jiya-jiya. Wasu gidajen tarihi ne da kowa zai iya shiga. Wasu unguwanni ne da jikokin marubutan ke zaune har yau. A ƙarshe za mu dawo gida bakin kanal, don a nan ma akwai magana.

3/ GIDAN MAKAMA. Yana kan titin fadar Sarki, kusa da Gidan Rumfa. Ginin ƙasa ne na ƙarni na 15, da azara da ɗaurin guga irin na maginan da. A nan Muhammadu Rumfa ya zauna kafin a gina gidan sarautar da ake ciki yanzu. Rumfa ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499.

4/ Da Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903, sai suka mayar da wani sashe na gidan ofis. Daga baya wani ɓangare ya zama makaranta, wani ya zama gidan tarihi a ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Shi ne wanda ake yawan kai 'yan makaranta su gani.

5/ A ciki za ka ga ƙyamaren tsofaffin ƙofofin gari, sulke da kwalkwali, hotunan sarakuna, ɗakin amarya da jerensa, da takardun rubutun hannu. Yawancinmu wajen kayan yaƙi muke tsayawa mu ɗau hoto mu wuce. Ni dai roƙona, ka ɗan daɗe a gaban takardun nan. Ga dalili.

6/ A zamanin Rumfa wani malami daga Tilimsan, a Aljeriya ta yau, ya sauka Kano wajajen 1492. Shi ne Shehu Muhammadu bn Abdulkarim al-Maghili. Ya rubuta wa Sarki ɗan littafi kan yadda ake riƙon jama'a, sunansa Tajuddini fima yajibu alal muluki. Babi 8 ne kacal.

7/ Babukan sun taɓo niyyar mai mulki, tsarin fada da ma'aikata, tsaro, binciken abin da ke gudana a ƙasa, adalci a shari'a, ta ina ya halatta a tara dukiyar baitulmali, da inda ya kamata a kashe ta. Gargaɗin da ya fi nanatawa shi ne kada shugaba ya ɓuya wa talakawansa.

8/ Ku duba fa. Abin da muke ta faɗa a kai kullum a dandalin nan, wai ba a ganin shugaba sai zaɓe ya ƙarato, an rubuta shi a Kano sama da shekara 500 da suka wuce. Kusan shekara 20 kenan kafin Machiavelli na Italiya ya rubuta nasa littafin mulkin da ake karantarwa a jami'o'i.

9/ Maghili bai zauna ba. Ya wuce Gao wurin Askiya Muhammadu, ya rasu a Tuwat wajajen 1504. Amma ya bar zuriya. UNGUWAR SHARIFAI, kusa da Kasuwar Kurmi, ita ce mazauninsu, kuma sarautar Sidi Fari tana hannunsu har yau. Gidajen mutane ne, saboda haka da sallama ake shiga.

10/ Bayan shekara 300, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙaninsa Abdullahi suna kafa hujja da maganganun Maghili. Abdullahi ma a Kano ya rubuta Diya'ul Hukkam wajajen 1806. Ya baro fagen jihadi da niyyar tafiya gabas, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, suka roƙe shi ya rubuta musu yadda za su tafiyar da mulki.

11/ MADABO. Tsohuwar cibiyar ilimi ce ta Wangarawa, mutanen Mali da suka zo ƙarƙashin Shehu Abdurrahman Zaite. Littafin Tarihin Kano ya ce sun zo zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385. Wani littafin da aka rubuta a 1650, Aslul Wangariyyin, shi kuma ya ce zamanin Rumfa ne.

12/ Kun ga amfanin a samu rubutu biyu kenan. Da ɗaya ne, da mun haɗiye shi yadda yake. Yanzu kuwa masana sai su auna wannan da wancan. Madabo ta yi suna wajen karatun Muhtasar na fiƙihun Malikiyya, kuma sarautar Babban Malami na Madabo tana nan.

13/ Tunda na ambaci TARIHIN KANO, bari in ɗan tsaya. Littafin Larabci ne da ya jero sarakuna tun daga Bagauda a 999 har zuwa Muhammadu Bello da ya rasu a 1893. Labarin Barbushe da Tsumburbura da ka karanta a makaranta, daga nan aka ɗebo shi. Marubucin bai sa sunansa ba.

14/ Wasu masana na ganin Malam Barka, Ɗan Rimin Kano, bawan Sarki mai ilimi, shi ya tattara shi a ƙarshen ƙarni na 19. In haka ne, to Gidan Rumfa kansa gidan marubuci ne. Palmer ya fassara shi da Turanci a 1908, na Hausa ya fito cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930.

15/ Bagaudan nan shi ne aka sa wa dam ɗin da ke maƙwabtaka da mu sunansa. In kuma kana son tarihin birnin da Hausa mai daɗin karatu, nemi Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, wanda ya fito a 1958. Bakano ne ya rubuta wa Kanawa.

16/ DALA. Ranar 2 ga Fabrairu 1851 wani Bajamushe ya shigo Kano. Sunansa Heinrich Barth, amma Abdulkarim yake kiran kansa. A unguwar Dala aka sauke shi. Ba shi da lafiya, ga bashi ya yi masa katutu, amma bai ajiye alƙalami ba. Ya yi kusan wata guda.

17/ Ya hau dutsen Dala ya zana birnin. Ya zana taswirar unguwanni da sunayensu. Ya ƙiyasta mazauna garin sun kai 30,000, kuma sukan ninka lokacin cin rani da fatauci. Duk wannan yana cikin littafinsa mai juzu'i 5 da ya fito a 1857 da 1858.

18/ Ga inda abin ya shafe mu. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne saƙa da rini. Ya ce tufafin Kano da ake kai wa Tambutu kaɗai ba su gaza kayan raƙumi 300 a shekara ba. Jimillar tufafin da ƙasar Kano ke fitarwa kuwa ya ƙiyasta ta kai wuri miliyan 300.

19/ Su wa ke rinin nan? Ba 'yan cikin ganuwa kaɗai ba. Kura na cikin manyan garuruwan marina da mabuga. Baƙin rawani mai ƙyalli da Buzaye ke naɗawa, sunansa ma ɗan Kura. Tun kafin a san mu da shinkafa, an san mu da baba da turkuɗi har cikin Sahara.

20/ 'Yan Bunkure ma ba a bar ku a baya ba. A labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne sarakunan baba. Ƙasar nan da muke shuka tumatir a kai, ƙasar shuni ce tun asali. Tambayi tsoho a gidanku inda tsofaffin karofi suke, zai nuna maka.

21/ A Agadas, gidan da Barth ya sauka yana nan, an mayar da shi ɗan gidan tarihi. A Tambutu ma an yi wa nasa alama. Mu kuma a Kano, tsayar da samari 10 a gindin Dala ka tambaye su waye Abdulkarim Bajamushe, ka ga nawa za su amsa.

22/ ALHAJI UMARU. An haife shi a Kano a 1858, ɗan fataken goro ne. Yana saurayi ya rubuta littafin koyar da rubutun wasiƙa da Larabci. Ya bi hanyar Gwanja ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar 1892 ya koma Kete-Krachi a Ghana ta yau. A can ya rasu a 1934.

23/ Ya yi waƙoƙi da Hausa da Larabci kan talauci da wadata, da kan zuwan Turawa. Yana cikin waɗanda suka fara rubuta dogon zube da Hausar ajami. Tsohon garin Kete-Krachi kuwa, ruwan dam ɗin Akosombo ya cinye shi a shekarun 1960. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

24/ GIDAN ƊAN HAUSA, a Nasarawa. Wannan kam gidan marubuci ne sak, kuma a buɗe yake ga masu ziyara. Mai gidan Hanns Vischer ne, haifaffen Basel a Suwizalan, 1876. Ya fara zuwa da 'yan mishan a 1901, daga baya ya shiga aikin gwamnatin Turawa. Don jin Hausarsa aka laƙaba masa Ɗan Hausa.

25/ A 1906 ya ƙetare Sahara da ayari daga Tarabulus zuwa Barno, ya rubuta littafi kan tafiyar a 1910. A 1909 ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa, nan Nasarawa. Akwai ajin malamai, ajin 'ya'yan sarakuna, da sashen koyon sana'a. Da Hausa ake koyarwa.

26/ A 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan boko. Wato haruffan da nake rubuta zaren nan da su, kuke karantawa a wayoyinku, wannan gida na cikin wuraren da aka fara daidaita su. Masu lanƙwasa kuwa, ƙ da ɗ da ɓ, sai a shekarun 1930 suka shigo.

27/ Amma fa abin yana da fuska biyu. Kafin boko akwai ajami. Da shi malamai ke waƙa, fatake ke lissafi, sarakuna ke aika saƙo. Vischer na cikin waɗanda suka dage gwamnati ta ɗauki boko ta ajiye ajami. Boko ya zama hanyar samun aiki da albashi.

28/ Sakamakon shi ne, mutumin da ya sauke Alƙur'ani, yake karanta fiƙihu, yake rubuta wasiƙa da ajami, aka wayi gari a takardar gwamnati yana cikin waɗanda ba su iya karatu ba. Yau jikokinsa na da digiri, amma ba sa iya karanta wasiƙar kakansu.

29/ Saboda haka in ka shiga Gidan Ɗan Hausa, shiga da ido biyu: ga abin da muka samu, ga abin da ya suɓuce mana. Ginin kansa abin kallo ne, na ƙasa da zane irin na Hausa, ga sanyi ko a bazara. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ce ke kula da shi.

30/ Ɗan ratse. Titin da ya bi ta Kura, in ka yi arewa Kano, in ka yi kudu ZARIYA. Hukumar Fassara a Kano aka fara ta a 1929, sannan aka mayar da ita Zariya. A 1933, ƙarƙashin Rupert East, aka sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa.

31/ Gasar nan ce ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Ku lura, akwai mutumin ƙasar Kano a ciki: Gwarzo.

32/ A Zariya Imam ya rubuta Magana Jari Ce, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Janairun 1939. Ya rasu a 1981. Ginin Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945 yana can. In ka kai kaya Zariya, ɗan ratsa ka gan shi. Mu koma Kano.

33/ GIDAN MAMBAYYA, Gwammaja. Gidan Malam Aminu Kano, 1920 zuwa 1983. Kowa ya san shi da NEPU da PRP. Abin da ba a cika faɗa wa matasa ba shi ne, tun kafin siyasa marubuci ne, kuma da alƙalami ya fara faɗa da zalunci.

34/ Tun yana ɗalibi a kwalejin Kaduna, ƙarshen shekarun 1930, yake rubuta wasannin kwaikwayo. Ɗaya sunansa Kai Wane Ne A Kasuwar Kano Da Ba Za A Cuce Ka Ba. Kan yadda ake damfarar baƙauye in ya shigo birni ne. Duk wanda ya taɓa kai kaya hannun dillali zai gane wasan nan tun daga sunansa 😅

35/ Ya rubuta Motsi Ya Fi Zama, labarin tafiyarsa Turai, a 1955. Ya rubuta tarihin rayuwar malaminsa kuma abokin gwagwarmayarsa Sa'adu Zungur na Bauchi, wanda ya rasu a 1958. Akwai kuma Hikayoyin Kaifafa Zukata. Ga shi kuma mai tafsiri ne.

36/ Gidan yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. An adana ɗakunansa da kayansa, akwai laburare, akwai babban zauren taro mai sunan Sa'adu Zungur. Kabarinsa ma yana cikin gidan. Allah ya jiƙan Malam.

37/ Abin da zai tsaya maka a rai shi ne ƙanƙantar ɗakunan. Mutumin da ya yi minista, ya yi takarar shugaban ƙasa a 1979, ga inda yake kwana. Ba sai an yi maka lacca ba. Gani ya kori ji.

38/ A zagayen Malam akwai marubuta waƙoƙi da yawa. Mudi Sipikin, haifaffen Kano a 1930, ɗan NEPU kuma jagoran ƙungiyar Hikima. Aƙilu Aliyu, mutumin Jega da ya zauna Kano, mai Fasaha Aƙiliya, ya rasu a 1999. Ana nazarin waƙoƙinsu a jami'a. Mu nawa muka san unguwannin da suka zauna?

39/ KABARA, dab da fadar Sarki. Gidan Shehu Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996. Sunan unguwar daga Kabara ta kusa da Tambutu ya samo asali, inda kakansa Malam Umaru ya fito. Ya wallafa littattafai sama da 100, har da fassarar Alƙur'ani da Hausa, Ihsanul Mannan.

40/ Haka in ka shiga SANKA, gidan Shehu Atiku ne, wanda ya rasu a 1974, ɗaya daga cikin manyan marubutan Tijjaniyya, da Larabci da Hausar ajami. Ko wace aƙida kake bi, waɗannan gidaje taskokin littattafai ne. Mai neman tarihin Kano na ƙarni na 20 ba zai tsallake su ba.

41/ Irin waɗannan gidajen sun rayu ne saboda dalili guda: ba a daina karatu a cikinsu ba. Akwai almajirai, akwai magada, akwai mai kaɗe ƙurar littafi. Gidan da karatu ya tsaya, shi ne gara da yoyon damina ke gamawa da shi.

42/ KASUWAR KURMI, wadda ita ma tun zamanin Rumfa take. Je layin 'yan littattafai. Za ka ga Ishiriniya da Ahalari da waƙoƙin ajami bugun Kano. Daga irin waɗannan rumfuna, da na sauran kasuwannin birni, littattafan soyayya suka bazu tun tsakiyar shekarun 1980.

43/ In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, duk 'ya'yan wannan zamani ne. Na Balaraba har an fassara shi da Turanci, wani kamfani a Indiya ya buga a 2012. Yayyenmu mata da yawa da littattafan nan karatunsu ya nuna.

44/ An raina su, an zage su, a 2007 har ƙona wasu aka yi a bainar jama'a a Kano. Amma a makarantar SOAS da ke Landan an tattara ɗaruruwansu an adana. Wato wani littafin da aka buga a Kano a 1992, ya fi sauƙin samu a Ingila a kan nan gida. Abin da ciwo.

45/ Yaya wasu ke yi? A Ingila, a 1847 aka sa gidan da aka haifi Shakespeare a gwanjo. Jama'a suka yi karo-karo suka saye shi fam 3,000 don kada ya salwanta. Har yau garin Stratford na cin abinci da baƙin da ke zuwa ganin gidan nan.

46/ A Masar, an buɗe gidan tarihin Najib Mahfuz kusa da Azhar a 2019. A nan gida ma muna da misali: gidan Sardauna a Kaduna ya zama Gidan Arewa, cibiyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello, tun 1970. A Bauchi, kabarin Tafawa Ɓalewa na nan da kayansa. Ashe mun iya in mun so.

47/ Matsalar ita ce gidan marubuci a wurinmu gado ne. In ya rasu a raba, wani ya sayar, a rushe a yi shaguna. Littattafan a zuba a buhu a kai ɗakin ajiya. Ba mugunta ba ce, buƙata ce da rashin wanda zai ce a tsaya. Ganuwar Kano ma muna kallo ake cinye ta.

48/ To mu dawo GIDA. An gama dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga nan aka jawo ruwa zuwa Kadawa, Kura, Bunkure da kewaye, a shirin da aka tsara kashinsa na farko ya shayar da hekta 22,000. Daga baya Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are ta karɓi aikin.

49/ Wannan ba ƙaramin juyi ba ne. An tashi dubban mutane daga inda ruwan Tiga ya kwanta, kamar dai yadda aka yi wa garin Alhaji Umaru. An auna gonaki, an baje, an sake rabawa. Ƙasar gero da dawa da gyaɗa ta koma ta alkama, tumatir, albasa da shinkafa.

50/ Wa ya rubuta wannan? Philip Shea, Ba'amurke da ya koyar a Jami'ar Bayero, ya yi digirinsa na uku a 1975 kan rinin ƙasar Kano. Cecile Jackson ta rubuta littafi a 1985 kan aikin ruwan nan da matan yankin. Andrae da Beckman sun yi nasu kan alkama a shekarar. Duk da Turanci.

51/ Mun gode musu, sun yi aiki. Amma manomin da aka rubuta labarinsa ba zai iya karantawa ba. Kuma akwai abin da baƙo ba zai ji ba: sunan fadamar da ta ɓace, wa ya ƙi yarda a auna gonarsa, waƙar da mata suka yi ranar da ruwa ya fara gudu a kanal.

52/ Ku yi lissafi. Wanda ke da shekara 20 a 1974, yau ya haura 70. Su ne na ƙarshe da suka ga ƙasar nan kafin ruwa da bayan ruwa. Duk wanda muka kai makwanci ba mu naɗi muryarsa ba, babi guda ne ya tafi, kuma babu inda za a samo kwafinsa.

53/ Sannan kusan kowane gari a yankin nan akwai gidan malamai mai gafaka da kundi: Alƙur'ani rubutun hannu, waƙoƙin wa'azi, wasiƙu, takardun gona da na gado. Su ne gidajen marubutanmu. Ba su da allo a ƙofa, shi ya sa ba ma ganinsu a haka.

54/ Abin yi, kuma ba ya cin kuɗi:
• Nemi izinin dattawan gida tukuna.
• Ɗauki hoton kowane shafi da waya, a inuwa mai haske, bi da bi.
• Kada a manna salatif, kada a liƙe da leda mai zafi.
• A ɗaga su daga ƙasa, nesa da danshi.
• Rubuta sunan mai kundin da garinsa.

55/ Zauna da kaka ko kakanka, kunna rikoda, ka tambaya: me ake shukawa kafin ruwa? Ina marina take? Wa ya koya muku karatu? Ka adana a wuri biyu, don waya na faɗawa ruwa. Wanda bai iya ajami ba, ga malamin tsangaya nan kusa, mako kaɗan ya isa ka fara haɗa baƙi.

56/ Mai son zagayen birni a yini guda: in ka shigo ta Na'ibawa, fara da Gidan Ɗan Hausa. Shiga ta Ƙofar Nasarawa zuwa Gidan Makama da Kabara. Gangara Kurmi da Sharifai, wuce Madabo, hau Dala, ka ƙare a Mambayya. Ranar aiki ta fi, kuma ka fita da wuri.

57/ Ladubba: a gidan tarihi tambayi ma'aikaci kafin ɗaukar hoto, kuma ka saurari bayaninsa, sun san abubuwa da yawa. A gidan malamai tuɓe takalmi, gaida na gaba, kada ka taɓa littafi sai an miƙo maka. Gidan marubucin da ke raye kuwa ba wurin yawo ba ne, sai da gayyata.

58/ Malaman makarantun Kura da Bunkure, don Allah a riƙa kai yara. Ƙungiyoyin ɗalibai da na manoma, motar haya guda ta isa. Yaron da ya tsaya a ɗakin Malam Aminu, ko ya ga rubutun hannun da ya girmi kakan kakansa, ba zai ƙara yarda an ce masa ba mu da tarihin rubutu ba.

59/ Nan zan tsaya. A garinku wane malami ko marubuci ne ya bar kundi, kuma gidansa na nan? Ku rubuto sunan garin a ƙasa, mu fara haɗa jerin namu. Ku tura wa wanda zai amfana. Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu riƙe amanar da suka bari.